Ɗan Ingila a Takarda

Kwana sittin da uku na yi a ƙafa
daga Hangari, inda ubana ke jimar fata,
har takalmina ya wage baki yana mini dariya
ranar da na hango hasumiyoyin Paris.

A zauren coci, wani tsoho mai alƙalamin gashin dinya
ya ce, "Daga ina?" ko ɗago kai bai yi ba.
Na faɗa. Ya lashi yatsa, ya juya shafi.
"Gida huɗu ne a nan, yaro:
Faransa, Normandi, Fikadi, Ingila.
Duk wanda dazukan gabas da arewa suka tofo,
Ingila ce uwarsa. Kawo kuɗin shiga."
Na ce ni ko teku ban taɓa gani ba.
Ya ce tekun ma bai yi kewarka ba,
ya rubuta: Benedek, ɗan Ingila.

Ɗakinmu na saman shagon mai gashin burodi.
Osbern, shi kaɗai ne ɗan Ingilan gaske, kullum da mura.
Wenzel yana addu'a da Latin, yana ashar da Jamusanci.
Sai Torkel, dogo kamar sandar tuƙa kwalekwale,
daga ƙasar da ya rantse rana kan ƙi faɗuwa.
Mun ce ƙarya ce. Ya yi murmushi kawai.

Latin ce gadarmu, amma gadar kara ce.
Ta ɗauki gardamar manɗiƙi, ta ɗauki cinikin albasa,
kewar gida ce ta fi ƙarfinta.

Da asuba mukan zauna a Layin Ciyawa,
gwiwa ce teburi, numfashi na hayaƙi,
malam na karantawa, ƙuma na cin rabonta.
'Yan Fikadi na kiranmu mashaya masu wutsiya.
Wata Laraba aka kaure a bakin gada.
Ga tabon nan a goshina:
na sha dutse don ƙasar da ban san ƙofarta ba.

A shekara ta biyu, da kogin Sen ya daskare,
zazzaɓi ya kayar da Torkel.
Dare na farko yana roƙon ruwa da Latin.
Dare na uku Latin ta kaɗe daga bakinsa
kamar ganye daga reshe,
ya koma harshen da aka goya shi da shi.
Mu uku muka tsuguna a kansa, 'yan gida ɗaya a takarda,
ba mai jin ko kalma.

"Ragna," yake cewa. "Ragna."
Muka ba shi ruwa, ya kau da kai.
Muka miƙa masa gicciye, ya kau da kai.
Wenzel ya bi masauki bakwai cikin ƙanƙara
neman mai jin yaren,
aka ce akwai ɗaya, ya bi fataken gishiri tun jiya.

Akwatin gidanmu ya biya likita,
ya biya kyandir shida, ya biya mai haƙa.
Da muka fito da makara a kafaɗa,
'yan Fikadi suka matsa gefe, suka tuɓe huluna,
har da wanda ya jefe ni.
Tsohon nan ya ja ɗan gicciye a gefen suna:
Torkel, ɗan Ingila.

Har yau ban sani ba,
ko uwa ce Ragna, ko ƙanwa,
ko tafki, ko wata saniya mai farin goshi.

Shi ya sa yanzu, in mun hure fitila,
nakan zunguri Osbern da ƙafa.
Ina koya masa kalma uku da harshenmu:
ruwa, da uwa, da sunan rafin bayan majemarmu.
Yana faɗa a karkace, yana atishawa,
ina sa shi ya sake.